Ga sabbin zuwa Kanada: kafin ka sayi koyil ɗin tsohon babur ɗin ƙanƙara

'Yan uwa sabbin zuwa, musamman waɗanda aiki ya jefa ƙananan garuruwan Manitoba ko arewacin Ontario, ba za ka daɗe ba wani abokin aiki zai yi maka tayin tsohon babur ɗin ƙanƙara a araha, ko ka gani a Kijiji ko Facebook Marketplace ranka ya biya. A nan kowa sikidu yake ce masa ko da ba Ski-Doo ba ne, kamar dai yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Ski-Doo ɗin kamfanin Bombardier ne ya fara yinsa a 1959 a Valcourt ta lardin Kebek, tun 2003 kuma yana hannun kamfanin BRP da ya fita daga cikinsa, Polaris da Arctic Cat kuma 'yan Minnesota ne a Amurka, sai Yamaha da ta sanar cewa samfurin 2025 ne nata na ƙarshe.

To a tsohon inji abin da ya fi ba mutane ciwon kai shi ne stator, wato abin da bakanikenmu na babur ke ce wa koyil, wanda ke zaune a bayan fulawil. Yawancin na shekarun 1990 da igiya ake tayar da su kamar janareta, ba ruwansu da batir, koyil ɗin nan ne ke ba akwatin CDI wutar da filogi zai kama, wani ɓangarensa kuma ya ba fitila da abin ɗumama hannu. Alamarsa sananniya ce, da safe ya tashi lafiya lau, ka yi tafiyar minti ashirin inji ya yi zafi sai ya mutu murus, ka tsaya ya huce ya sake tashi kamar ba shi ba.

Amma don Allah kar ka yi saurin saye. Ni na taɓa yin wannan wautar, na kashe kuɗi na sa sabo, ashe makunnin kashe injin da ke kan kai ne ya jiƙe ya yi tsatsa. Duba filogi tukuna, duba igiyar nan da ake ɗaurawa a jiki da ke kashe inji idan ka faɗi, duba wayar as, in Yamaha ne akwai tsarinsu na TORS a jikin totur da shi ma yakan hana inji aiki daidai. Bayan nan ka ɗauko mita ka auna wayoyin koyil ɗin ka gwada da lambobin da ke littafin gyaran samfurinka, kuma ka auna sau biyu, da sanyi da kuma bayan ya yi zafi, don da yawa sai sun ɗau zafi suke nuna halinsu.

In ta tabbata shi ne, sai maganar wanne za a saya. Orijinal na kamfani babu gardama ya fi kwanciyar hankali, soket ɗinsa zai shiga daidai, tsawon waya daidai, matsalar kawai kana zuwa wurin dila ya duba kwamfuta ya ce an daina yinsa, ko ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin abin da ka sayi babur ɗin gaba ɗaya. Akwai kuma Beljiyam, wanda aka ciro daga wani mataccen babur, mu da muka saba da cewa Beljiyam ya fi sabon China sai mu ruga can, amma a koyil lissafin bai cika fita ba, domin abin da ke kashe shi tsufa ne da zafi da jijjiga, fentin da ke jikin wayar tagullar ya bushe ya tsage, kuma wancan ɗin ma shekarunsa talatin kamar naka.

Ni dai ra'ayina, in orijinal sabo na samuwa kuma kana shiga daji da nisa ko kana bin tafki zuwa kamun kifi, daure ka saya. A sanyin 30 ƙasa da sifili, inda babu sabis ɗin waya, mutuwar inji ba wasa ba ce, ba wurin da za ka tura ka kai wa mai gyara a bakin titi. In kuwa babu shi, ko yawonka bai wuce bayan gari ba, ka nemi na kamfanonin da aikinsu ke nan kuma suna ba da garanti, irin su RMSTATOR da ke Kebek ko Rick's Motorsport Electrics a Amurka. Wanda nake tsoro shi ne marar suna ɗin nan na intanet da ake rubuta wai yana shiga samfuri ashirin.

Kuma kar ka yi oda da sunan babur da shekara kawai. Injinan Rotax na Ski-Doo wasu tsarin wutar Nippondenso ne da su wasu na Ducati, ba sa shiga juna, ga shi tsohon babur ya bi hannu da yawa, ƙila ma an taɓa canja masa inji. Ciro naka, ɗau hoto, ƙirga wayoyin da launinsu, duba soket da lambar da ke jiki.

Wurin cirewa ka ari abin zare fulawil na ainihi, ban da guduma, maganaɗisun ciki na iya tsagewa, kuma kar ka zura kusoshinsa su yi zurfi su huda koyil ɗin. Ka yi alama a inda farantin yake zaune kafin ka kwance, don a wasu injinan da shi ake saita lokacin wuta. In fitila na yawan ƙonewa ka haɗa da regileta ka canja. Duk wannan a Oktoba ake yinsa tun gareji bai zama firiza ba, in ka bari sai Janairu yatsunka ma ba za su riƙe sifana ba.