Yadda Ake Gyara Tsohon Gida Ba Tare da Aikin Ya Cinye Zaman Iyali Ba

Yawancin masu komawa tsohon gida, ko sun saye shi ne ko sun gaje shi, buri biyu suke shigowa da shi: su mayar da ginin yadda ya kamata, su kuma samu zama mai natsuwa inda yara za su san maƙwabta, iyaye su rage kai-komo. Sau da yawa aikin gyaran yakan haɗiye buri na biyu, domin ana ɗage zumunci da hutu har sai an gama, alhali tsohon gida ba ya ƙarewa da gyara. Saboda haka tun daga farko ya kamata a tsara aikin yadda za a rayu a cikinsa.

Matakin farko shi ne kada a rushe komai a watannin farko. Idan hali ya yi, a bari damina guda ta wuce ana lura da ginin, a ga inda silin yake yin tabo, da inda ruwa yake kwanciya a gindin bango, da ɗakin da yake warin danshi da safe. Duk tsagar da aka gani a bango, a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata a gefe, sannan a dawo a duba bayan makonni. Tsagar da ta tsaya cik yawanci tsohuwa ce, amma wadda ta zarce layin ko take ƙara faɗi tana buƙatar injiniyan gini ya duba ta kafin a taɓa wani abu. Haka kuma ba a cire bangon cikin gida sai an tabbatar ba shi ne yake ɗauke da nauyin rufi ba.

Ruwa ne yake tsara jerin aikin. A fara da rufi da indararo, a gyara gangaren ƙasa yadda ruwa zai riƙa gudu nesa da harsashi, a binciki katakon rufi ko gara ta ci shi, sannan a sabunta wayoyin lantarki da bututun ruwa tun bango yana buɗe. Shafe da fenti su ne na ƙarshe, ko da yake su ne zuciya take ɗokin gani. Akwai kuskure guda da nake ganin ya fi sauran ɓarna, wato shafe tsohon bangon ƙasa ko na farar ƙasa da siminti. Irin wannan bango yana shan danshi yana kuma fitar da shi, siminti kuwa yana tsare danshin a ciki, sai shafen ya kumbura ya ɓare bayan 'yan shekaru, ya zo da naman bangon. A nemi maginin da ya san kayan da aka yi ginin da su, a gyara da irinsu.

Inda akwai ƙananan yara ko mai juna biyu, a yi hattara da abu biyu. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta take cutar da ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje a 1978, ƙasashe da dama kuwa sun makara ƙwarai, don haka kada a kankare shi a bushe, kuma a fitar da yara daga wurin har a share da jiƙaƙƙen tsumma. Na biyu shi ne asbestos, wani kayan gini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa take cutar da huhu, da ake samu a tsofaffin silin da rufi, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999. Ba a fasa shi, ba a huda shi, cire shi aikin ƙwararru ne.

A ware kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin aikin domin abin da zai bayyana idan an buɗe bango. A kuma kammala ɗaki guda tun da wuri, a hana ƙura da kayan aiki shigarsa, domin iyali su samu wurin cin abinci tare da hira.

Maƙwabtaka kuwa da aikin take farawa. Kafin a kawo yashi a zube a bakin hanya ko a fara bugun da zai dami mutane, a je a sanar da na kusa, a faɗa musu lokutan da za a riƙa aiki. Dattijan unguwa sukan san tarihin gidan fiye da takardunsa: inda tsohuwar magudanar ruwa ta bi, da shekarar da ruwa ya taɓa shiga, da maginin da ya iya aiki. A ɗauki ma'aikata daga cikin unguwar idan akwai ƙwararru, a mayar da tsanin da aka ara a kan lokaci. Ina kuma ba da shawarar a gyara wurin zama a ƙofar gida kafin a ƙawata ciki, ko da benci ne a inuwa, domin a nan ne mai wucewa yake tsayawa a gaisa. A ƙarshe a tsayar da rana guda a mako wadda ba a ɗaga guduma, a kuma sanar da ma'aikata tun ranar da aka yi ciniki da su.