Duba Rasidi a Ƙofar Kanti: Abin da Baƙo a Amurka Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya saba sayayya a manyan kantunan Kano ko Abuja ya san ma'aikacin nan da ke tsaye a bakin ƙofa, yana karɓar rasidi ya ja masa layi da biro kafin a wuce. A Amurka ma za ka tarar da shi, musamman a Walmart da Costco, sai dai hukuncin tsayawa a gabansa ya bambanta daga wannan kanti zuwa wancan.

Costco da Sam's Club ba a sayayya a cikinsu sai an yanki katin zama mamba ana biyan kuɗin shekara, kuma nuna rasidi a ƙofar fita yana cikin sharuɗɗan da mai katin ya amince da su. Idan ka ƙi, suna da damar soke katinka. Walmart da sauran kantunan da kowa ke shiga ba su ƙulla wannan yarjejeniya da kai ba. Da zarar ka biya, kaya sun zama naka, kuma a mafi yawan jihohi neman rasidi roƙo ne da kake iya ƙi cikin ladabi. Abin da ya rage wa kanti shi ne ya hana ka sake shigowa, domin wurinsa ne, kuma wanda aka ba takardar hani ya dawo ana iya kama shi da laifin shiga wuri ba izini.

Duk da wannan 'yanci, shawarata ga baƙo ita ce ya riƙe rasidi a hannu ya nuna, domin dubawar ba ta ɗaukar minti guda, kuma takan tsamo mutum daga kuskuren da bai san ya yi ba. A watannina na farko na biya kuɗi a na'urar da mai saye ke lissafa wa kansa kaya, na manta da katon ɗin ruwan da na sa a ƙasan keken kaya. Dattijuwar da ke ƙofa ta bi rasidin da yatsa, ta sunkuya ta leƙa ƙasan keken, ta nuna mini ruwan ba tare da ta ɗaga murya ba. Na koma na biya, magana ta mutu a nan. Da na yi mata gardama na fice, da labari ya sha bamban, domin kyamara ta riga ta ɗauke ni da kayan da ban biya ba.

Inda al'amari ke yin nauyi shi ne idan an zarge ka. Dokokin jihohi sun ba mai kanti damar tsare wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya ɗauki kaya, na ɗan lokacin da bai wuce kima ba, kuma ba da cin zarafi ba. A Kalifoniya wannan yana cikin sashe na 490.5 na kundin laifuffuka, a jihar Niyok kuma sashe na 218 na dokar kasuwanci. Ƙin nuna rasidi shi kaɗai galibi bai isa dalili ba, kuma kantin da ya tsare mutum ba hujja ana iya maka shi a kotu. Idan an tare ka, kada ka gudu, kada ka ture kowa. Ka tambaya a fili ko tsare ka aka yi ko kana iya tafiya, ka nemi manaja, kuma idan Turancinka bai nuna ba, ka nemi tafinta.

Idan aka shigar da kai ofishin bayan kanti aka miƙo maka takarda, aka ce ka sa hannu ka tafi gida, to kada ka sa. Sau da yawa amsa laifi ce a rubuce, kuma hukumar shige da fice tana lissafa sata, ko da ta ƙaramin abu ce, cikin laifuffukan da ke iya taɓa biza ko katin zama. Tun da aka sa hannu a dokar Laken Riley a Janairun 2025, wanda ya shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, idan aka kama shi da zargin satar kanti, wajibi ne hukumar shige da fice ta tsare shi ko da kotu ba ta yanke hukunci ba. Idan 'yan sanda sun zo, ka ce ba za ka yi bayani ba sai lauyanka yana nan. Haka nan idan wasiƙa daga kantin ta biyo baya tana neman diyya, a nuna wa lauya kafin a biya, domin biyan ba ya hana a gurfanar da mutum.

Baƙar fata, ko mai hijabi, ko mai doguwar riga wanda ya lura shi kaɗai ake tsayarwa alhali wasu na wucewa, yana da wurin kai kuka. A 2014 babban lauyan jihar Niyok ya sa kantin Barneys ya biya dala 525,000, Macy's kuma dala 650,000, kan ƙorafe-ƙorafen sa wa baƙaƙe da sauran tsiraru ido. Ka rubuta rana da lokaci da sunan da ke maƙale a ƙirjin ma'aikacin, ka ɗauki hoton rasidin da waya tun rubutunsa bai goge ba, sannan ka kai ƙorafi hedikwatar kamfanin ko ofishin babban lauyan jiharka.