Kurakuran tunani da muke yi muna ganin daidai muke

A shekarar 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, suka wallafa wani gwaji mai kama da wasan yara. Ana juya wani faifai mai lambobi daga 0 zuwa 100 a gaban mutum, amma an riga an saita shi, ba ya tsayawa sai a kan 10 ko 65. Da ya tsaya sai a tambayi mutumin: kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Kowa ya san faifan ba ruwansa da tambayar, duk da haka lambar ta ja su.

Lambar farko da ta shiga kunne turke ce, tunani ya yi ta zagaye ta kamar akuya a ɗaure. Mai kaya ya tsawwala farashi, ka yi ciniki ka rage kashi ɗaya cikin uku, ka tafi kana murna ka ci riba, alhali ko sau ɗaya ba ka tambayi kanka nawa kayan ya cancanta ba. Haka ma a maganar albashi. Gyaransa shi ne ka rubuta naka adadin kafin ka ji nasu. A takarda fa, ba a zuci ba, don na zuci yakan gusa ba ka sani ba.

Na dage kan takarda ne saboda sanin kuskuren ba ya warkar da shi. Kahneman da kansa, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002 kan wannan aiki, ya amsa cewa shekarun da ya kwashe yana bincike ba su hana shi faɗawa irin waɗannan tarkuna ba. In shi bai tsira da ilimi kaɗai ba, ina ga ni da kai?

Kuskure na biyu ya fi ba ni tsoro, don yana zuwa ne da rigar bincike. A 1960 masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason a Ingila ya ba ɗalibai lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce akwai wata ƙa'ida da suke bi, su gano ta ta hanyar kawo nasu lambobin, shi kuma ya ce musu sun dace ko ba su dace ba. Ɗalibi zai raya a ransa ƙarin biyu-biyu ne, ya kawo 8, 10, 12, a ce sun dace. Ya kawo 20, 22, 24, a ce sun dace. Sai ya bugi ƙirji ya faɗi amsa, a ce ya faɗi. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: duk lambobi uku da ke hauhawa. Da ya gwada 1, 2, 50, da tuni ya farga. Ba ya gwadawa, saboda abin da zai gaskata shi yake nema, ba abin da zai ƙaryata shi ba. Kai ma in ka zargi abokin aiki da ƙyuya, ranakun da ya makara ne kawai za su tsaya maka a rai. Tambayi kanka: me zan gani in yarda na yi kuskure? Sannan ka tashi ka nemo shi da gangan.

Sai zafin abin da aka riga aka kashe. Ingila da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan ta bayyana ba zai mayar da jarinsa ba, har ana kiran wannan kuskure da sunan jirgin. Mu ma haka muke riƙe sana'ar da ta mutu, wai don mun sha wahala a kanta. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: da yau zan fara, ban kashe ko kwabo ba, zan shiga? In amsar a'a ce, kuɗin jiya ba hujja ba ne.

Wajen tsara lokaci kuwa, kusan kowa maƙaryacin kansa ne. An yi hasashen gama katafaren gidan waƙa da wasanni na birnin Sidney a 1963 kan dalar Ostireliya miliyan 7. Sai a 1973 aka kammala shi, ya lashe miliyan 102. Muna zana aikin ne a kai ba tare da rashin lafiya, ko jinkirin wani, ko gyaran ɓarna ba. Kar ka tambayi zuciyarka kwana nawa aikin zai ci. Duba irinsa guda uku da ka yi a baya, ka ƙirga kwanakin da suka ci a zahiri, ka ɗora lissafinka a kan wannan, ko da ranka yana ce maka wannan karon daban ne.