Kuɗin kilik ko la'adar ciniki: kurakuran da masu shafi a Gombe suka fi yi

Jama'a, duk mai shafin intanet da yake son talla ta riƙa kawo masa kuɗi, hanya biyu aka fi ajiye masa a gaba. Ko dai a biya ka duk sanda wani ya danna tallan da ke shafinka, shi ne ake cewa CPC, ko kuma a ce a'a, sai wanda ya danna ɗin ya yi wani abu a can, ya sayi kaya ko ya yi rajista ko ya sauke manhaja, sannan a ba ka naka, shi ne CPA. Kamar dai a Tudun Hatsi ne, akwai yaron da ake ba ɗan abu don kawai ya rako mai saye bakin rumfa, akwai kuma dillali da ba ya ganin la'ada sai ciniki ya faɗa. Na farkon kuɗinsa kaɗan ne amma kusan kullum yana samu, na biyun in ta faɗa masa ta faɗa da kyau, in ba ta faɗa ba ya yi wunin banza. Yawancin asarar da nake gani wajen matasanmu daga rashin gane wannan bambancin take tasowa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kallon girman kamasho kawai. Mutum ya ga an rubuta naira dubu biyar kan kowane ciniki, ya dubi kilik ɗinsa da bai wuce naira hamsin ba, shikenan sai ya cire tallan kilik gaba ɗaya ya cika shafi da linkin saye. To ɗan uwa zauna mu yi lissafi, misali ne kawai nake bayarwa don a gane. A ce mutum 1,000 sun shigo shafinka na labaran ƙwallo, 10 sun danna talla, kowane kilik naira 50, ka samu naira 500. Yanzu ka sa linkin saye, 10 ɗin nan dai su ne za su danna, in sai an yi kilik 200 ake samun mai saye ɗaya to sai mutum 20,000 sun shigo kafin ka ga dubu biyar ɗin nan, wato naira 250 kenan kan kowane mutum dubu, rabin abin da ka bari. Amma ka ɗauki wani shafin da yake bayani kan batirin sola da infata, wanne ne yake jure zafi, wanne zai ɗauki firij da fanka, a nan cikin mutum 1,000 sai 60 su danna, 2 su saya, ko da kamashon dubu uku ne ka tashi da dubu shida. Don haka abin da za ka riƙa aunawa shi ne nawa kake samu kan kowane mutum dubu da ya shigo, ba lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kan tayin ba.

Kuma abin da ke raba shafukan nan biyu ba yawan mutane ba ne, abin da ya kawo su ne. Wanda ya shigo duba sakamakon wasan jiya ko labarin 'yan Kannywood bai zo da kuɗi a hannu ba, karantawa zai yi ya wuce, irin wannan tallan kilik ko tallan da ake biya kan gani ne ya dace da shi. Shi kuwa manomin rani na Dadin Kowa da yake binciken injin ban ruwa, ko ɗalibar jami'a a Kashere da ke neman laftop mai sauƙin kuɗi, waɗannan sun riga sun yi niyyar saye, shawara kawai suke nema. Ka fara sanin masu shigo maka tukuna kafin ka zaɓi tsari. Ba sabon abu ba ne ma wannan muhawarar, Amazon tun 1996 take biyan masu shafi kamasho kan ciniki, AdSense, wato tsarin Google na sa talla a shafukan mutane tana biyan su, ya fito a 2003, ita kanta Google ta gwada biya kan aiki a cikin AdSense a 2007 ta rufe shi a 2008.

Sai kuma ɗauko tayin da ba na mutanenka ba. Tayin CPA da yawa an rubuta a jikinsu cewa mutanen Amurka ko Ingila ko Kanada kaɗai ake ƙirgawa, kai kuma masu karanta ka suna Pantami da Bolari da Kumo da Bajoga, ko su dubu ne suka yi rajista ba a ba ka ko sisi. Amazon ma da kowa ke rububin shiga, ƙa'idarsu ita ce mai saye ya sa kayan a kwandon sayayya na shafinsu cikin awa 24 da danna linkinka, kuma sabon shiga sai ya kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko in ba haka ba a rufe akawun ɗin. Tsakani da Allah mutum nawa ka sani a unguwarku da ke sayayya a Amazon?

Ko na gida ma irin su Jumia da Konga da suka fito da nasu tsarin kamashon, akwai wani rami da ba a cika faɗa ba, shi ne yadda mu muke sayen kaya. Mutumin mu zai karanta bayaninka tsaf a waya, ya gamsu, amma ba zai danna ya biya a nan take ba, zai ɗauki hoton kayan ya tura wa yayansa a WhatsApp, a yi shawara, ranar Asabar ya shiga babbar kasuwa ya taɓa kayan da hannunsa ya ce nawa za a bari ya biya ya ɗauka. Kai ka yi aikin, ciniki ya faɗa, amma babu wata na'ura da ta rubuta sunanka. Wani kuma zai yi oda ta linkinka a kan sai an kawo zai biya, a kawo ya ce ya fasa, kamashon da ka gani yana jira a allo sai ya ɓace. Shi ya sa nake cewa kafin ka liƙa kowane linki ka karanta ƙa'idar da kanka, kar ka dogara da abin da wani ya faɗa a bidiyo. Me suke ƙirgawa a matsayin aiki, rajista kawai ko sai an biya kuɗi? Kwana nawa suke riƙe sunanka bayan an danna? In an mayar da kaya fa? Sai kuɗi ya kai nawa ake fitarwa, kuma ta wace hanya, tana isowa bankinka a Najeriya kuwa? In ba ka samu amsar waɗannan a rubuce ba kar ka fara.

A ɓangaren kilik kuwa, abin da ya fi kashe akawun shi ne ka danna min in danna maka. A buɗe guruf a WhatsApp kowa na tura linkinsa, ko mutum ya karɓi wayar ƙaninsa da ta matarsa yana dannawa, ko ya rubuta a ƙasan shafi cewa ku danna talla don ku taimaka mana. Duk waɗannan Google ta hana ƙarara, kuma tana ganin daga inda kilik ya fito da abin da mai dannawar ya yi bayan nan, in ta kama za ta zaftare kuɗin ko ta rufe akawun ɗin gaba ɗaya, kuma wanda aka rufe wa haka da wuya ya sake samu. Kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye daga inda kake shiga, ba ya gyara komai. Ban da ma rufewa, kuɗin nan na mai talla ne da ya biya don a kai masa masu saye na gaske, cin sa ta wannan hanyar ha'inci ne, mu daina yi masa wani suna.

Wasu abubuwan kuma rashin sani ne kawai. AdSense yana da jerin harsunan da yake karɓa kuma Hausa ba ta ciki, don haka mai shafin Hausa zalla da aka ƙi karɓa ya daina zargin zanen shafinsa, kar kuma ya je ya sayi akawun ɗin wani ya liƙa, matsala ce yake saya. In kuɗinka ya kai dala 10 za su aiko da lambar PIN a takarda ta gidan waya, to in adireshin da ka sa shi ne bayan masallaci kusa da mai shayi takardar ba za ta iso ba, ka sa adireshin da wasiƙa ke zuwa da gaske. Ba sa biya sai ya kai dala 100. Sannan tun farkon 2024 AdSense ya koma biyan masu shafi kan yawan ganin talla a maimakon kilik, wanda ke nufin mai zaman jiran kilik a can lissafin da ya wuce yake yi. Farashin kuma masu talla ne ke sa shi gwargwadon yadda suke son mutanen da ke karanta ka, shi ya sa allon kuɗin da wani mai masu karatu daga Amurka ke nunawa ba zai zo daidai da naka ba.

Cika shafi da talla ma kuskure ne. Mai karatunka data yake saya da kuɗinsa, netwok ɗin ma wani lokacin sai a hankali, in ya taɓa ko'ina wani shafi ya buɗe masa ba zai dawo ba.

Abin da ya fi damuna dai shi ne irin tayin da ke biyan kamasho mai tsoka. Sau da yawa za ka tarar na caca ne, ko manhajar bashi mai ruwa, ko irin su zuba kaɗan ka kwashi da yawa ka kawo mutum a ba ka kaso. Mun ga yadda MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma har yau irinta na fitowa da sabon suna. A tsarin CPA kai ne ka ce wa mutum je ka yi, da sunanka da shafinka, kuma Gombe ba ta da girman da za ka ɓuya, wanda ya yi asara ta linkinka zai gan ka a ɗaurin aure ko a masallacin Juma'a. Ka bincika kowane tayi kamar ƙaninka ne zai fara shiga, kuma ka rubuta a fili cewa kana samun kamasho in an saya ta wurinka. A AdSense ma akwai wurin toshe rukunin tallan da ba ka so, ka shiga ka duba shi, mutane da yawa ba su taɓa buɗe wurin ba.

Ga mai shafin Hausa musamman, ni a ganina la'adar da ta fi tabbas tana nan cikin gari. Ka je wajen mai shagon sola ko mai sayar da waya ko mai kayan noma da ka yarda da kayansa, ku yi yarjejeniya kai tsaye, ya ba ka wata kalma ko lamba da duk wanda ya zo da ita za a rage masa ɗan wani abu, ragin nan shi zai sa mai saye ya tuna ya faɗe ta. Ku rubuta a takarda nawa ne naka kan kowane ciniki, ranar nawa ga wata ake biya, me zai faru in an dawo da kaya, ku sa shaida ɗaya ko biyu, kowa ya riƙe kwafi. In yana tsoron kamasho ku fara da kuɗin wata, ya biya wurin talla na wata guda a shafinka, ƙarshen wata ku zauna da littafin shagon ku ƙirga mutum nawa suka zo da kalmar.