Yadda ake riƙon kyanwar da aka tsinta, da idon mai karatun labaran likitoci

Duk wanda ya saba karanta littattafan da likitoci ke ba da labarin cututtukan da suka gagari ganewa ya san cewa sau da yawa ƙaramin abu ne ke warware matsala, wato tambayar da aka manta ba a yi ba, ko alamar da wani ya lura da ita ya rubuta. Wannan ɗabi'ar ita ce abu mafi amfani ga mutumin da ya ɗauko kyanwa daga bayan kasuwa ko bakin Gulbin Maradi, domin dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kuma kyanwa musamman ta iya ɓoye rashin lafiya har sai ya yi nisa.

Abu na farko shi ne a ware mata wuri. A samu ɗaki ko lungun zaure mai inuwa da iska, a ajiye kwali da tsumma, da kwanon ruwa, da tasa cike da rairai inda za ta yi kashi, sannan a hana yara da sauran dabbobin gida kusantarta na aƙalla kwana 10, ko da yake mako biyu ya fi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano da aka rufe yana iya halaka ta, don haka inuwa da ruwan randa sun fi komi muhimmanci.

A cikin kwanakin nan ne aikin lura yake. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ta ci da yawansa, ko ta sha ruwa, ko kashinta ya yi tauri ko zawo ne, ko tana amai ko atishawa, ko akwai kwantsa a idanunta. A ɗaga leɓenta a hankali a dubi dasashi: idan ya yi fari maimakon ja mai haske, jini ya yi ƙaranci, kuma galibi ƙuma ko tsutsar ciki ne sanadi. A ɗan jawo fatar wuyanta a saki. Idan ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya ragu. Wurin da gashi ya zube ya bar da'ira na iya zama makero, wanda ke kama mutane, musamman yara. Idan ta ƙi abinci kwana biyu, ko kuma namiji ne yana ta yunƙurin fitsari ba ya fita, kada a jira, a kai shi ga likitan dabbobi ko ma'aikatar kiwo tare da littafin. A ganina rubutun nan ya fi kowane bayanin baki taimakon likita, domin mai gida yakan tuna jiya ya manta shekaranjiya.

Game da abinci, kyanwa maciyar nama ce, tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe ta. A ba ta dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, ba gishiri ba yaji, kaɗan kaɗan da farko idan ta daɗe da yunwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, saboda haka ragowar miya ba abincinta ba ce, madarar shanu kuma tana sa yawancinsu zawo. Babban kuskuren da tausayi ke jawowa shi ne ba ta maganin mutane, alhali ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka nan maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin permethrin guba ne gare ta, kamar maganin ɓera da ake zubawa a lungu.

Lafiyar mutanen gida ma tana cikin lissafi. Cutar haukan kare tana kama kyanwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira, ko da yake tun 1885 Louis Pasteur ya nuna cewa allura bayan cizo tana ceton rai. Idan ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a je asibiti a ranar, a ci gaba da sa mata ido kwana 10. Ita kanta ana mata rigakafin daga wata 3 da haihuwa.

Akwai kuma ciwon yakushin kyanwa, wanda labarinsa ya yi kama da waɗancan littattafan. Likitan yara Robert Debré ya bayyana shi a Faransa a 1950, amma sai farkon shekarun 1990 aka tabbatar da ƙwayar Bartonella da ke jawo shi, wadda ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi. Alamarsa kaluluwa ce a hammata ko wuya, mako ɗaya zuwa uku bayan yakushin da kowa ya riga ya manta da shi. Saboda haka idan yaro ya yi zazzaɓi da kaluluwa, a gaya wa likita cewa akwai sabuwar kyanwa a gida ko bai tambaya ba. Mace mai ciki kuwa kada ta kwashe kashin, saboda ƙwayar Toxoplasma da ke iya cutar da ɗan tayi. Wani ya kwashe shi kullum, tunda sai ya kwana aƙalla ɗaya kafin ya zama mai harbi, ya kuma wanke hannu.

Idan kwanakin warewa suka cika tana ci tana wasa, an ba ta maganin tsutsa da rigakafi, sai a buɗe mata ƙofa ta fito tsakar gida da kanta, ba tare da an ɗauko ta da ƙarfi ba. A kuma tambayi likita batun aikin hana haihuwa tun da wuri, domin cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65 kawai, kuma tana iya ɗaukarsa tun ba ta cika wata 6 ba.