Yadda Ake Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida da Kazar Hausa

Mai kiwon kaji a tsakar gida ba lallai ne ya sayi injin ƙyanƙyasa ba, domin kazar Hausa da ta shiga kwanci ta fi injin amfani a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Ana gane ta shiga kwanci idan ta daina fita kiwo, ta lafe a gurbi, tana buɗa gashi tana saran duk hannun da ya kusance ta.

Aikin farko shi ne zaɓen ƙwai. A tabbata akwai zakara a cikin kajin, ɗaya ga kaji kamar 10, sannan a ɗebi ƙwan da bai wuce kwana 7 da sakawa ba, marar tsagewa, kuma kada a wanke shi, saboda ruwa yana cire kariyar da ke jikin ɓawon. Ƙwai 8 zuwa 12 ya ishi kaza ɗaya. Wanda ya yi kwaɗayin ƙarawa, na gefe ba zai sami ɗumi ba, ƙarshenta sai a tashi da baragurbi. A gyara gurbin a lungu mai duhu, a barbaɗa toka kafin a shimfiɗa busasshiyar ciyawa don rage ƙwari, a ajiye ruwa da tsaba kusa da ita.

Bayan mako guda, a haska kowane ƙwai da tocila da dare: mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu a cikinsa, wanda kuwa haske ya ratsa shi fayau sai a fitar. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo 26 zuwa 28, don haka mai son haɗa su sai ya fara sa na zabo da mako guda.

A ganina, asarar da ta fi yawa bayan ƙyanƙyasa take zuwa. A killace uwar da 'yan tsakinta a akurki na makonni huɗu aƙalla, nesa da shirwa da muzuru, a ba su tsaki da dusa da ruwa a faffaɗan mazubi marar zurfi. Kafin hunturu ya kama, lokacin da cutar Niyukasil take share kajin unguwa guda, a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa maganin rigakafin.