Yadda Za Ka Koyi Harkar Filaye da Gidaje Daga Littafi Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Yawancin masu shiga harkar fili a wurin dillali suke koyonta, shi kuwa dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Akwai na kirki da yawa a cikinsu, amma bai kamata wanda zai ci moriyar sayenka ya zama shi kaɗai ne malaminka ba. A nan littafi yake da rana. Ba ya neman ko sisi a cinikinka, ba ya gaggauta ka, kuma yana koya maka tambayoyin da za ka yi tun kuɗi suna aljihunka. Sai dai karatun yana da tsari. Wanda ya faro daga littafin da bai dace ba yakan fito da ƙwarin gwiwa mai yawa da ilimi kaɗan, kuma irinsa ne ake yi wa sakiyar da ba ruwa.

Mataki na farko: zaɓi layi ɗaya

Harkar tana da faɗi. Akwai mai sayen fili a bayan gari ya ajiye har gari ya cim masa. Akwai mai sayen gona ya yanka ta fuloti-fuloti. Akwai mai sayen kango ya ƙarasa ya sayar, da mai gina gidan haya, da mai shaguna. Kowanne da lissafinsa da irin haɗarinsa. Ka duba abin da ke hannunka da kuma tsawon lokacin da za ka iya haƙura da shi, ka zaɓi ɗaya, ka bar sauran tukuna. Wannan ne zai faɗa maka babin da za ka tsaya a kai da wanda za ka tsallake.

Mataki na biyu: fara da doka, kafin littattafan neman arziki

Abin da ya kamata ka fara karantawa shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma har yau take aiki, tana ma cikin dokokin da Tsarin Mulkin 1999 ya ba kariya. Ba ta da tsawo, ana samunta kyauta a intanet. Turancinta na lauyoyi ne, saboda haka ka karanta ta da biro a hannu, in ya so ka nemi ɗalibin shari'a ya warware maka inda ya cije.

Sashe na 1 kaɗai ya isa ya sauya yadda kake kallon harkar: duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a. Ke nan abin da kake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, galibi shekara 99 take ɗauke da shi idan ta gidan zama ce. Filin da ke cikin birni gwamna ne ke ba da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma tana iya ba da shi bisa al'ada. Sashe na 22 ya ce wanda gwamna ya ba wa fili ba zai sayar ko ya jinginar da shi ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar bai inganta ba. Mutane da yawa suna riƙe da takarda mai sunan wani, sun biya kuɗi cif, suna ganin magana ta ƙare, alhali a rajistar gwamnati mai sunan farko ne har yanzu mai fili.

Ka tsaya sosai a sashe na 28 da na 29. Gwamna yana da ikon soke haƙƙinka saboda buƙatar jama'a, kamar titi ko makaranta ko asibiti, kuma diyyar tana kan abin da ka gina ko ka shuka ne, ba kan farashin da filin ya kai a kasuwa ba. Wanda ya tara filaye babu ko bulo ɗaya a kai ya san wannan tun yanzu.

Abuja kuma dabam take: ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon bayarwa. Duk takardar da aka nuna maka can, daga sarkin ƙauye ta fito ko daga ƙaramar hukuma, ka kai ta AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, a duba kafin ka yi maganar kuɗi.

Mataki na uku: littafin lissafi da kimanta dukiya

Bayan doka sai lissafi. Littattafan da suka fi amfani a nan su ne waɗanda ake koyar da ɗaliban sashen kula da filaye da gidaje da su a makarantunmu, kamar Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Ka nemi ɗalibin aji ɗaya ko biyu ya nuna maka littafin gabatarwa a kan kimanta dukiya, ko ka leƙa ɗakin karatu irin na Murtala Muhammad da ke Kano. Ba su da armashi kamar na 'yan kasuwar waje, amma da naira suke magana, kuma da dokarmu.

Abu biyu za ka fitar daga ciki. Na ɗaya, yadda ake gane farashin wuri ta hanyar kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar. Na biyu, yadda ake fitar da ainihin abin da gidan haya ke kawowa. Ga misali, da alƙaluman da na ɗora don koyo kawai:

An yi maka tayin gida mai sashe huɗu, kowanne ɗaki da falo, a kan naira miliyan 24. Kowane sashe ana hayarsa naira dubu 400 a shekara, jimilla miliyan 1.6. Dillali zai ce maka shekara 15 ka mayar da kuɗinka, kuma a kan takarda bai yi ƙarya ba. Yanzu ka buɗe naka littafin. La'ada da lauya da sauya takardu, ka sa miliyan 2. Gyaran rufi da sokawe da fenti kafin ɗan haya ya shiga, wata miliyan 2. Gidan ya tsaya maka a miliyan 28. Daga kuɗin haya kuma ka cire dubu 100 na sashen da zai zauna wata uku babu kowa, dubu 200 na gyare-gyaren shekara, dubu 150 na mai kula da gida, dubu 50 na harajin ƙasa da makamantansa. Saura miliyan 1.1. Ka raba da miliyan 28, za ka samu kusan kashi 4 cikin 100, wato sama da shekara 25 kafin kuɗinka su dawo ta hanyar haya.

Wannan bai nuna gidan ba shi da kyau ba. Abin da ya nuna shi ne ribar irin wannan gida tana cikin tashin darajarsa ne fiye da hayarsa, saboda haka unguwar da yake da inda gari ya dosa sun fi yawan ɗakunansa muhimmanci. Ka yi irin wannan lissafi a kan gidaje goma da ba ka da niyyar saye. Hannunka zai faɗa, har ka riƙa yinsa da ka kana tsaye a ƙofar gida.

Mataki na huɗu: littattafan Amurka, amma da rariya

Su ne suka cika shagunan littattafai da wayoyin matasa, kuma ba na cewa a guje su. Suna koyar da abubuwa masu kyau: ware kuɗin gida daga na aljihu, ajiye wani abu don gyara, tantance ɗan haya kafin a ba shi makulli, da rashin sayen gida don kawai ya burge ka.

Matsalar ita ce ginshiƙinsu bashi ne. A Amurka mutum yana biyan wani kaso kaɗan na kuɗin gida, banki ya cike sauran, ya riƙa biya har shekara 30 da kuɗin ruwa mai sauƙi wanda ba ya sauyawa, ɗan haya kuma yana biya wata-wata, kuɗin hayar su riƙa biyan bashin. Duk dabarar "sayi gida da kuɗin wasu" a kan wannan ta tsaya. A Nijeriya kuwa, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. Ka koma ga misalinmu: in ka ci bashin miliyan 10 a kan kashi 30, kuɗin ruwan shekara kaɗai miliyan 3 ne, gidan kuma miliyan 1.1 yake kawowa. Tun kafin a zo maganar haramcin riba, lissafin da kansa ya ƙi.

Saboda haka duk shawarar da ka karanta, ka rubuta tambaya ɗaya a gefen shafin: wannan a kan me ya dogara, kuma akwai shi a garinmu? In ma'aikaci ne kai, ka karanta ƙa'idojin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikatan gwamnati kashi 2.5 na albashi dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake gudanarwa. In kana gudun riba, ka nemi bayanin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ƙarin da kuka amince) da ijara (haya) da musharaka (tarayya a jari) a bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, ka karanta sharuɗɗan da kanka, kalma bayan kalma.

Mataki na biyar: kada ka tsallake fiƙihu

Wannan ɓangare ne da babu littafin waje da zai ba ka, alhali rigingimun fili da yawa a ƙasar Hausa a gaban alƙalin kotun Musulunci suke ƙarewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, tana da babin ciniki, da na shufu'a, da na rabon gado. Ka zauna gaban malami ya biya maka su.

Shufu'a musamman. Idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu shi ya sayar maka da kasonsa, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya abin da ka biya ya karɓe. Gidan gado kuma, in babban wa ne kaɗai ya sa hannu, to kason ƙannensa mata da na marayu da na wanda ke ci-rani yana nan daram, kuma wata rana za su zo. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji. Araha a gidan gado sau da yawa alama ce ta cewa akwai wanda ba a tambaya ba, kuma abin yana ci mini rai, domin mata da yara ne aka fi dannewa ta wannan hanya. Ka tambayi malamin hukuncin zakka ma, don na filin da aka saya domin sayarwa dabam ne da na gidan da ake cin hayarsa.

Mataki na shida: kowane babi, ka kai shi bakin titi

Gani ya kori ji. Ka sayi littafin rubutu ɗaya, ka zaɓi unguwa ɗaya wadda za ka iya zuwa a kai a kai. In ka karanta babin farashi, ka je ka tambayi dillalai uku dabam-dabam kuɗin fili mai ƙafa 50 x 50 da mai 50 x 100, ka rubuta da kwanan wata. Ka bambanta abin da aka yi tayi da abin da aka sallama, don na biyun ne farashi. In ka karanta babin gini, ka tsaya wurin birkila ka ji bulo nawa buhun siminti yake fitarwa a wurinsu, ka tambayi kuɗin rodi da kwano da yashi a wannan makon.

Ka koma unguwar a watan Agusta, bayan an tafka ruwa. Filin da ya yi fes a watan Maris yana iya zama tsohon kududdufi da aka cike da shara. Ka duba jikin katangun maƙwabta: layin danshi da ya hau bulo biyu ko uku daga ƙasa, da gansakuka a gindin gini, da tudun siminti da mutane suka yi a bakin ƙofa don tare ruwa. Waɗannan sun fi duk abin da mai sayarwa zai rantse maka a kai.

Sannan ka je ofishin filaye tun ba ka da abin saye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ka tambayi yadda ake binciken takarda da abin da ake biya. Ka gane bambancin filin da gwamnati ta tsara da awon igiya, wanda mai gona ya yanka da kansa aka sayar da shaidar mai unguwa da dagaci. Awon igiya ya fi sauƙin kuɗi, unguwanni da dama ma da shi suka tashi, amma titin da za a fitar gobe bai san da shi ba, kuma izinin gini daga hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, yana iya ba ka wahala. Ka tambayi tarihin wurin ma. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya shafi gine-ginen da masu su da yawa suke cewa suna da takardun gwamnati, sai dai an yi su ne a filayen da asalinsu na jama'a ne, kamar filin Idi. Duk wurin da aka ce da makaranta ne ko maƙabarta ko badala ko hanyar ruwa, ka bar shi komai kyan takardarsa.

Mataki na bakwai: cinikin farko

Ka fara da ƙarami, da kuɗin da ba na abinci ko na makarantar yara ba ne. Kafin kafin-alƙalami, ka ga mai filin ido da ido da katin shaidarsa, ka gaisa da maƙwabtan ɓangare huɗu ka ji wa suka sani da wurin, ka je wurin mai unguwa da ƙafarka. Ka ɗauko safiyo mai rajista ya auna ya tabbatar da iyakoki, lauyanka kuma, ba na mai sayarwa ba, ya yi bincike a rajista ya rubuta yarjejeniya. Ka biya ta banki zuwa asusu mai sunan da ke jikin takarda, a gaban shaidu, a rubuta la'ada nawa ce kuma wa zai biya. Da an gama, ka fara neman a mayar da takardu sunanka a wannan watan, ka kuma kewaye filin ko da da bulo layi uku ne, don filin da aka bari a buɗe shi ake sayar wa mutum biyu.